Ko ƙwayoyin bakteriya za su iya wanke ƙasa da rijiyar da sinadarai suka gurɓata?

"Assalamu alaikum. Mun sayi fili a wata unguwa ta Kano da ke dab da yankin masana'antu. An ce wani ɓangaren filin garejin manyan motoci ne shekara da shekaru, har yanzu ƙasar wurin baƙa ce ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa. Bayan katangarmu kuma akwai kwatar da ruwan kamfanonin fata ke bi. Mun haƙa rijiya, ruwa ya fito garau, amma yana warin fetur. Sai wani mutum ya zo mana da jarkoki, ya ce ƙwayoyin bakteriya ne daga ƙasar waje, idan aka yayyafa a filin aka kuma zuba a rijiyar za su cinye duk wata guba cikin mako uku. Shin akwai gaskiya a maganar nan, ko kuwa kuɗinmu kawai za mu zubar?"

Wa alaikumus salam, Malam. A yadda na fahimci wasiƙarka, matsaloli uku ne suka haɗu a fili ɗaya, wato baƙin man da ya jiƙe ƙasa, da man da ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, da kuma abin da kwatar kamfanonin fata ke iya ɗaukowa, sai mai jarkoki ya zo da magani ɗaya ya ce zai warkar da duka. A maganarsa akwai gaskiya, domin aikin tsabtace ƙasa da ƙwayoyin bakteriya aiki ne sananne da aka shafe shekaru fiye da 40 ana yi a duniya, ni ma shi ne abin da na fi daɗewa ina yi. Sai dai gaskiyar ba ta kai inda ya kai ta ba, kuma matsalolin nan uku kowacce da nata hukuncin.

Kafin in shiga bayani, akwai abin da ba ya jira. Ku daina shan ruwan rijiyar nan, ku daina girki da shi, ku daina yi wa yara wanka da shi. Tafasawa ba ta gyara shi, hasali ma tana tayar da sinadarin ya cika ɗakin girki a shaƙe shi. Abin da ake tsoro a cikin fetur shi ne sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikurogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Idan fetur na ɗauke da kashi 1 cikin 100 na benzin, lita ɗaya tak ta isa ta kai lita sama da 800,000 na ruwa wannan iyaka. Hanci ba ya jin benzin a wannan ƙanƙancin, saboda haka ko warin ya ɗauke wata rana, ɗaukewarsa ba shaida ba ce.

Yadda bakteriya ke cin mai

Ƙasa ba matacciya ba ce. A cikin abin da bai wuce ɗan tsinin cokali ba na ƙasar gona akwai miliyoyin ƙwayoyin bakteriya, kuma su ne ke mayar da juji taki, su ne ke mayar da kalwa daddawa. Ɗanyen mai da duk abin da aka tace daga cikinsa, fetur da kananzir da gas da man injin, asalinsu ragowar halittu ne, ginshiƙinsu kabon da haidurojin, kuma tun kafin ɗan Adam ya haƙa rijiyar mai ta farko akwai wuraren da mai ke tsattsafowa da kansa daga ƙasa da ƙarƙashin teku. Saboda haka halittun da ke iya cinsa sun daɗe da wanzuwa. Dangin Pseudomonas da Rhodococcus ana samun su kusan a kowace ƙasa, a teku kuma akwai Alcanivorax wadda kusan ba ta da wani abinci sai mai. Idan suka ci man, abin da ke fitowa shi ne iskar kabon dayokzaid da ruwa da kuma sababbin ƙwayoyi. Wato gubar ba a ɗauke ta aka kai wani wuri ba, rushe ta aka yi, kuma nan ne wannan hanya ta fi kwashe ƙasa a zubar a bayan gari.

To idan suna nan, me ya sa filinka ya shekara goma ko ashirin yana baƙi? Amsar ita ce mai shi kaɗai ba ya isar su. Suna bukatar iskar oksijin don numfashi, da naitirojin da fosfaras don gina jikinsu, da danshi. Man da ya malala a gareji yana toshe ƙofofin ƙasa ya hana iska shiga, tayoyin manyan motoci sun daddaɓe wurin ya zama kamar daɓe, ruwan sama yana gangarewa ta sama ba ya ratsawa, ga abinci tuli amma babu mahaɗi.

Babban darasin da wannan fanni ya koya ya fito ne daga Alaska ta Amurka. A watan Maris na 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya daki dutse, ɗanyen mai kimanin lita miliyan 41 ya kwarara a teku ya lulluɓe gaɓa. Masu binciken da suka auna duwatsu da tsakuwar gaɓar sun tarar ƙwayoyin da ke cin mai sun riga sun yawaita da kansu, abin da ya yi musu ƙaranci taki ne. Sai aka fesa takin naitirojin da fosfaras a gaɓar da ta fi tsawon kilomita 100, man kuwa ya riƙa raguwa da sauri fiye da inda ba a sa ba. A 1994 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wani gwaji a gaɓar Delaware, aka ware wuraren da aka ba taki kaɗai da waɗanda aka ba taki tare da ƙarin ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji, ba a ga ƙarin ƙwayoyin ya kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Ko ƙwayar cin mai da masanin kimiyya Ananda Chakrabarty ya sarrafa, wadda shari'arta ta kai kotun ƙolin Amurka a 1980 har aka yarda a yi wa halitta mai rai rajistar mallakar fasaha, ta yi suna a littattafan shari'a amma ba ita ke tsabtace filaye ba. Baƙuwar ƙwaya da aka raina cikin jin daɗin kwalba, idan aka jefa ta cikin 'yan gida da suka saba da zafin wurin da gishirinsa da yunwarsa, galibi ba ta daɗewa.

Baƙar ƙasar garejin

Wannan ita ce matsalarka mafi sauƙi, kuma ita ce wadda yanayinmu ya fi taimakawa, domin ɗumin da ƙwayoyin nan suka fi so, tsakanin digiri 25 zuwa 35, shi ne muke da shi yawancin shekara, alhali a Turai aiki kan tsaya cik da sanyi.

Yadda muke yi ba shi da nisa da aikin lambu. Ana haƙe baƙar ƙasar har inda ta daina wari da maiƙo, a shimfiɗa leda mai kauri a gefe guda tare da ɗan tudu a kewaye don kada ruwan da ya tsiyaye ya koma ƙasa, a baza ƙasar a kai kaurinta bai wuce kamu ɗaya zuwa biyu ba. Sai a farfasa dunƙulen, a cakuɗa da ɓuntun shinkafa ko garin katako domin ƙasar ta saki iska ta ratsa, a kawo kashin kaji ko takin shanu da ya ruɓe. A lissafin da aka saba, kowane kashi 100 na kabon yana son kashi 10 na naitirojin da kashi 1 na fosfaras. Idan tan ɗaya na ƙasa na ɗauke da kilo 10 na mai, yuriyar da zai ci gaba ɗaya ba ta kai kilo 2 ba, kuma ba a zuba ta a lokaci guda, kashi-kashi ake ba da ita. Daga nan sai juyawa da shebur ko garma sau ɗaya ko biyu a mako, da yayyafi. Ma'aunin danshin a hannu yake: ka damƙi ƙasar ka matse, idan ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, daidai ne, idan ta ruguje ta bushe, idan ta ɗiga an shaƙe su.

Na fi tunawa da kurakuraina a kan nasarorina. A wani aiki da na jagoranta, ma'aikata suka ga kamar idan taki kaɗan na da amfani to mai yawa ya fi, suka juye buhunan yuriya a rana ɗaya. Da na iso bayan kwana uku, tun daga bakin ƙofa warin amoniya ya riƙa sa idona hawaye, ƙasar da ya kamata in tura hannu in ji ɗumi a cikinta ta yi sanyi ƙalau, sai da muka ƙaro ƙasa da ɓuntu muka jira makonni kafin ta farfaɗo. A wani wurin kuma hunturu ne ya ci mu: mai ban ruwa ya yi tafiya, iska ta busar da kunyoyin ƙayau, muka auna bayan wata biyu muka tarar kamar ranar da muka fara. Idan kuwa abin na tafiya daidai, za ka gane tun kafin sakamakon gwaji ya dawo. Da sassafe idan aka juya tulin turiri na tashi, baƙin ya fara komawa ruwan ƙasa, ƙasar da ruwa ke mirginawa a kanta kamar a bayan agwagwa ta fara shanye shi, warin gareji ya koma ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Game da mako uku kuwa, babu wannan zance. Gas da kananzir sukan ɗauki watanni. Baƙin man injin ya fi taurin kai, saboda sarƙar kabon ɗinsa doguwa ce kuma yana ɗauke da ragowar ƙuna masu wuyar rushewa, yakan ci damina ya ci rani, kuma kusan kullum akwai wani kaso da ke maƙalewa a cikin ƙwayar ƙasa ya ƙi tafiya. Idan kuma ƙasar fetur ta sha, yawancin abin da ke ɓacewa a makon farko ba cinye shi aka yi ba, tashi ya yi a iska, masu juya ƙasar ne ke shaƙarsa. Mai son burge ka da saurin maganinsa da wannan yake fakewa.

Rijiyar

Nan ne aikin ya yi nauyi. Abu na farko da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne ka ce garejin manyan motoci ne amma warin fetur kuke ji. Manyan motoci gas suke sha. Gaskiya ne kanikawa na wanke kayan inji da fetur, amma wannan ba kasafai yake isa ya sa rijiya wari shekaru bayan an tashi ba. Don haka ka duba ko akwai gidan mai, tsoho ko mai aiki, ko wani wurin ajiyar mai, ta ɓangaren da ƙasa ta fi tudu daga gidanku, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yawanci yana bin gangaren da na sama ke bi. Tankin ƙarfe da aka binne yakan yi tsatsa ya riƙa yoyo a hankali ba wanda ya sani. Ka tambayi maƙwabta ko nasu rijiyoyin ma haka suke. Muddin ba a toshe mafarin ba, duk abin da za a yi a filinka ɗiban ruwa ne da kwando.

Na biyu, rijiya taga ce kawai da ka buɗe a kan ruwan da ya shimfiɗu a ƙarƙashin unguwar baki ɗaya. Ko da abin da ke cikin jarkar ya tsabtace ruwan da ke tsaye a rijiyar yau, gugan gobe zai jawo sabo daga gefe. Kuma abin da ke hana ƙwayoyin ƙarƙashin ƙasa aiki ba ƙarancinsu ba ne, ƙarancin numfashi ne. Ga lissafin: kowane giram na fetur yana bukatar kimanin giram 3 na oksijin kafin ya rushe, lita ɗaya kuma ta kai giram 750, wato sama da kilo 2 na oksijin. Ruwa ko ya ƙoshi da iska bai riƙe fiye da miligiram 8 a lita ba. Ke nan lita ɗaya ta fetur za ta shanye oksijin ɗin ruwa kusan lita 300,000, wato abin da zai cika tankokin dakon mai tara masu cin lita 33,000. Shi ya sa tsakiyar inda mai ya gurɓata ba a samun oksijin ko kaɗan, sai ƙwayoyin da ke numfashi da naitiret ko tsatsar ƙarfe ko salfet su karɓi aikin, su kuwa tafiyarsu ta hawainiya ce.

A Bemidji ta jihar Minesota, bututun ɗanyen mai ya fashe a 1979, kuma masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun mayar da wurin makaranta suna aunawa har yau. Abin da suka gani ya nuna ƙarfin wannan hanya da kuma iyakarta a lokaci guda: ƙwayoyin wurin, ba tare da an ƙara musu komai ba, sun hana gurɓataccen ruwan wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, amma bayan shekaru fiye da 40 man da ke kwance a kan ruwan bai ƙare ba. A nan gida ma muna da darasi. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni a watan Agusta na 2011 ya samu man da kaurinsa ya kai santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a Nisisioken Ogale, da benzin a rijiyoyin sha da ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Rahoton ya soki yadda aka daɗe ana kaftar saman ƙasa a zuba taki a ce an gyara, alhali a wurare da dama man ya nutse mita 5 ko fiye, inda garma ba ta kaiwa, ya kuma ƙiyasta cewa gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Duk wanda ya ce maka zai gyara ruwan ƙasa ta hanyar yayyafi a sama, wannan kuskuren yake shirin maimaitawa.

Abin da ake yi a zahiri shi ne a fara haƙa ƙananan rijiyoyin awo, aƙalla uku, don a san inda ruwan ya nufa da faɗin gurɓatar. Idan akwai man da ke yawo a sama, a zuƙe shi da famfo, domin bakteriya a ruwa suke rayuwa, gefen man suke gwaguya, ba sa shiga tsakiyarsa. Bayan haka sai a kai musu iska, ko dai ta busa ta cikin bututu zuwa ƙasan ruwan ta riƙa tasowa, ko a tura ta a hankali cikin busasshiyar ƙasar da ke saman ruwan. Lita ɗaya ta iska tana ɗauke da oksijin fiye da sau 30 na abin da litar ruwa ke ɗauka, shi ya sa busa iska ta fi zuba ruwa. A ƙasa mai yashi, irin ta yankin Haɗejia ko Maiduguri, iskar na bazuwa sosai. Kano kuwa a kan tsohon dutse take zaune, ruwanta na cikin rubabben dutse mai yumɓu da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa, iskar takan sami hanya ɗaya mai sauƙi ta bi ta bar sauran, man kuma ya ɓuya a tsagar da bututu bai taɓa ba. Wannan ba aikin magidanci ɗaya ba ne, aikin wanda ya zubar da man ne da hukuma. Hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, ita ke da alhakin malalar mai, NESREA kuma da ma'aikatar muhalli ta jiha su ke kula da sharar masana'antu, kuma koken unguwa da ke ɗauke da sakamakon gwaji ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Inda ake sayen ƙwayoyin da gaske

Adalci ne in faɗi cewa akwai gurɓatar da kawo ƙwayoyi daga waje ke zama dole a cikinta. Masana'antu da masu wankin kaya na zamani sun daɗe suna amfani da wasu sinadarai masu kulorin, waɗanda aka fi sani da TCE da PCE, don cire maiƙo daga ƙarfe da tufafi. Su sun fi ruwa nauyi, ba sa yawo a sama kamar fetur, nutsewa suke yi har ƙasan ruwan. Kuma ƙwayoyin da ke rushe su ba cin su suke ba, numfashi suke da su, a inda babu oksijin sam. Suna ciccire kulorin ɗaya bayan ɗaya, PCE ya koma TCE, ya koma DCE, ya koma binil kulorayid, daga ƙarshe ya zama iskar etin marar illa. Ƙwayoyi da yawa na iya matakan farko, amma kammalawa galibi sai dangin Dehalococcoides, waɗanda masana a Jami'ar Kornel ta Amurka suka ware a 1997, kuma ba kowace ƙasa ke da su ba. Idan babu su, aikin kan tsaya a tsakiya, wani lokaci a kan binil kulorayid, wanda ya fi abin da aka fara da shi haɗari wajen haddasa sankara. A irin wannan hali ne ake kawo iri, kamar yadda mai nono ke ɗiga ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara. Ɗaya daga cikin sanannun irin, KB-1, a ɗakin gwajin Farfesa Elizabeth Edwards ta Jami'ar Toronto aka raina shi. Amma dubi yadda ake kawo shi: cikin tukunyar ƙarfe a rufe ruf, an kore iskar ciki da naitirojin, domin oksijin na kashe shi, kuma ba a tura shi sai an shafe makonni ana ba ƙasar abinci irin su man girki ko baƙin ruwan rake har iskar wurin ta ƙare. Jarkar roba da ta sha rana a bayan mota ba ta yi kama da wannan ba. Tunda unguwarku kusa da masana'antu take, ya kamata a sa waɗannan sinadarai cikin abin da za a nema a ruwan, domin idan suna nan tare da fetur, busa iskar da ke gyara ɗaya ita ke tsayar da gyaran ɗayan.

Kwatar bayan katanga

A nan ne maganar "duk wata guba" ta rushe gaba ɗaya. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, kamfanonin zamani kuwa da gishirin kuromiyom, tare da gishiri da farar ƙasa da salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kuromiyom ƙarfe ne, haka dalma, haka kadmiyom. Ƙarfe ba a gina shi daga wasu abubuwa ba balle a wargaza shi, babu wata halitta da za ta ci shi ya ɓace. Iyakar abin da bakteriya ke yi shi ne su canza masa kama.

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga irin wannan canji da idonsa. Baba ba ya narkewa a ruwa, sai ya kwana a cikin karofi tare da toka, ƙwayoyin bakteriya sun shanye iskar ciki sun juya shi, sannan ya narke ya shiga zare. Marini ya ɗaga ƙyallen, ka gan shi kore-kore, iska na taɓa shi ya koma shuɗi a gabanka. Kuromiyom ma kama biyu gare shi, masana na kiran ɗaya mai daraja shida, ɗayan kuma mai daraja uku. Mai daraja shida, wanda ke sa ruwa ya yi rawaya, shi ne mai yawo da ruwa kuma mai haddasa sankara. Mai daraja uku, wanda kamfanonin fata suka fi amfani da shi, ya fi zama wuri ɗaya kuma illarsa ba ta kai ta wancan ba. Idan aka ba ƙwayoyin ƙasa abinci suka shanye iska, sukan mayar da mai shida ya koma mai uku ya kwanta a jikin ƙasa, kuma da wannan dabara ake aiki a garin Hinkley na jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ake tura sinadarin etanol cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Amma ƙarfen na nan inda yake. Kamar baban marina, idan yanayi ya juya, musamman a ƙasa mai ma'adinin manganis, wani kaso na iya komawa kamarsa ta farko, don haka wurin da aka yi wa wannan aiki ba a daina auna shi. Gishirin da ke cikin ruwan kwatar ma babu ƙwayar da ke cire shi.

Dalma ta fi damuna a filinka fiye da kuromiyom, saboda duk inda aka yi gareji an fasa batura, an kuma zubar da man zamanin da fetur ke ɗauke da dalma. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Maganin da ya yi aiki a can, har da na Bagega a 2013, ba shi da alaƙa da bakteriya: kankare saman ƙasar gidaje aka yi, aka binne ta a rami na musamman, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Yana yiwuwa ka yi wata takwas kana juya ƙasar garejin har man ya tafi, ta yi kyau ta yi ƙamshi, alhali dalmar da ke ciki ko ƙwayar zarra ba ta ragu ba. Idan gwaji ya nuna ta da yawa, to wannan ƙasa ba ta lambu ba ce kuma ba ta wasan yara ba ce, ko dai a kwashe ta ko a rufe ta da kankare.

Mai jarkoki da abin da za a fara

Ban ga filinka ba, kuma daga wasiƙa ba a yanke wa ƙasa hukunci, zurfin ruwa da irin ƙasar da abin da ke cikinta su ne za su zaɓi hanya. Amma mai jarkoki za ka iya gwada shi da kanka. Ka tambaye shi sunan ƙwayoyin da ke ciki, da wane sinadari suke rushewa, da ranar da aka haɗa su, da sakamakon gwajin wani wuri da ya yi aiki, na kafin da na bayan, daga ɗakin gwajin da ba nasa ba. Idan ya tsaya a kan maganarsa, a ware kunya uku daga baƙar ƙasar bayan an cakuɗa ta sosai, ɗaya a sa nasa maganin, ɗaya kashin kaji da ɓuntu, ɗaya juyawa da ban ruwa kawai, a auna duka bayan wata biyu, kuɗinsa ya jira sakamako. Na yi irin wannan kwatanci fiye da sau ɗaya, kuma a duk inda na ga kayan jarka ya yi wani abu, da na bincika sai in tarar taki ne a ciki ko sabulu. Sabulun ne ma abin tsoro, domin yana narkar da man ya wanke shi zuwa ƙasa, saman ya yi fes a idon mai fili, gubar kuma ta gangara wajen ruwan da ake neman cetowa. A cikin rijiya kuwa kada a zuba komai, ko a kan gwaji.

Kuɗin da za ka ba shi, ka fara kashe su a kan awo. Gwajin ruwan da aka saba yi wa masu burtsatse da masu ruwan leda yana duba ƙwayoyin cuta da tsami da gishiri ne, zai iya cewa ruwanka lafiya lau alhali ba a nemi benzin ba ko kaɗan. Sai ka faɗi abin da kake so da sunansa: a ruwa, benzin da danginsa, da sinadarai masu kulorin, da kuromiyom gaba ɗaya da kuma mai daraja shida a ware, da dalma; a ƙasa kuma jimillar mai da dalma da kuromiyom, daga sama da kuma zurfin mita ɗaya da biyu. Sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu za su iya nuna maka ɗakin gwajin da ke da na'urar da ta dace. Ruwan da za a nemi benzin a cikinsa a kwalbar gilashi ake ɗibarsa, a cika ta har baki ba tare da kumfar iska ko ɗaya ba, a sa a kula mai ƙanƙara a kai da wuri, domin samfurin da ya yini a gorar roba cikin zafin mota ya riga ya zubar da abin da ake nema. Kuma a ɗiba sau biyu, ɗaya a ƙarshen rani wajen Afrilu lokacin da ruwa ya ja baya, ɗaya a ƙarshen damina wajen Satumba lokacin da ya taso ya taɓa man da ya maƙale a ƙasar da ke samansa, saboda rijiya ɗaya takan ba da sakamako biyu masu nisa da juna a waɗannan watanni.